Rawar Indiya da kiɗan ƙwarya: Darasin Rukmini Devi ga matan Gangara

Sanin kowa ne cewa a garuruwanmu na jihar Maraɗi, kama daga Gangara da Gazawa zuwa Agye har Gidan Runji, da zarar an kawar da amfanin gona, gero ya shiga rumbu, an kai wake da gyaɗa da aya kasuwa, to abin da ya rage sai maganar biki. Lokacin ne mai atamfa ke ciniki, tela ba ya samun barci, mai kwanuka da mai goro da mai lalle kowa na samun rabonsa. Amma akwai wata mai sana'a guda wadda a da ba a yin biki sai da ita, yanzu kuwa ko goron gayyata ba a cika kai mata ba, wato zabiya da ayarinta na masu kiɗan ƙwarya. Wurinta ya koma hannun yaro mai lasifika da janareto, wanda zai kafa kayansa a ƙofar gida ya saki kiɗan fim, 'yan mata su fito suna karya wuya suna juya hannu irin yadda suka gani a finafinan Indiya.

Ni ban ga laifin yaron nan ba, shi ma abinci yake nema. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tunda har mun yarda Indiyawa sun iya rawa, muna kuma kwaikwayonsu, to ya kamata mu san yadda aka yi tasu rawar ta kai inda ta kai. Domin kuwa shekaru ɗari da suka wuce rawar gargajiyar kudancin Indiya tana cikin halin da ya fi na kiɗan ƙwaryarmu muni, har sai da wata mata mai suna Rukmini Devi ta tsaya tsayin daka a kanta. A ganina abin da matar nan ta yi abin koyi ne, kuma a wajenmu waɗanda ke da ikon fara yin irinsa su ne matan kasuwa, kasancewar daga lalitarsu ne mafi yawan kuɗin hidimar biki ke fitowa.

Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya ba yau ta fara ba. Tun wajen 1960 Kwarori masu gidajen silima suke kawo su Kano da sauran manyan garuruwa, daga baya kaset ɗin bidiyo ya shigar da su cikin ɗakuna, finafinan Hausa da suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990 suka ɗauki rawa da waƙa daga can, yau kuma ga fassarar Indiya-Hausa a cikin wayar kowa. Sai dai abin da 'yarki ba ta sani ba, Hajiya, shi ne, irin su Hema Malini da iyayenmu suka sani a fim ɗin Sholay na 1975, da Vyjayanthimala da ta gabace ta, ba a gaban kyamara suka koyi rawa ba. Tun suna ƙanana aka damƙa su hannun malamai suka koyi wata rawa da ake kira Bharatanatyam. A wannan rawa yarinya na shafe shekaru tana tsayuwar rabin tsuguno, gwiwoyi a buɗe, tana buga ƙafa a ƙasa da ƙananan ƙararrawa ɗaure a idon sawunta, tana haddace alamomin yatsu, waɗanda na hannu ɗaya kaɗai sun kai 28, kowace da ma'anarta. Sai malaminta ya gamsu sannan a tara jama'a a yi bikin yaye ta, kamar yadda tela ko maƙeri ke yaye yaronsa. Wato dai abin da muke gani a fim reshe ne, gindin bishiyar yana makaranta.

Kafin a raɗa mata suna Bharatanatyam, sunan rawar Sadir, kuma gadon wasu iyalai ce a ƙasar Tamil. Matan waɗannan iyalai, da ake kira Devadasi, tun suna yara ake sadaukar da su ga ɗakunan bautar Hindu, ba sa yin aure irin na sauran mata, aikinsu shi ne rawa da waƙa a wuraren bauta da fadojin sarakuna irin fadar Tanjore. Da Turawan Ingila suka karya ƙarfin sarakunan, sai masu ɗaukar nauyin matan suka ƙare, da yawansu suka koma dogaro da attajirai maza, sunan rawar ya ɓaci har aka daina bambanta ta da karuwanci. A 1930 wata likita mai suna Muthulakshmi Reddi ta kai ƙudurin doka majalisar Madras domin a hana sadaukar da yara mata, a 1947 kuma dokar ta tabbata. Dokar ta ceci yara da yawa, wannan ba a musu, amma rawar kanta ta zama marainiya, duk wani ɗan mutunci yana gudun a gan shi kusa da ita.

A cikin wannan hali ne Rukmini ta taso. An haife ta ranar 29 ga Fabrairu 1904 a garin Madurai, mahaifinta injiniya ne, gidansu kuma na Brahman ne, wato ajin da ya fi kowane daraja a tsarin Hindu, waɗanda ko kallon irin wannan rawa ba sa barin 'ya'yansu mata su je. A 1920, tana da shekara 16, ta auri wani Baturen Ingila mai suna George Arundale wanda ya girme ta da fiye da shekara 20, auren da ya jawo surutu ba kaɗan ba. Yawon duniya da ta riƙa yi da mijinta ne ya haɗa ta a cikin jirgin ruwa, a 1928, da shahararriyar 'yar rawar ƙasar Rasha, Anna Pavlova. Rukmini ta fara koyon rawar Turawa, amma sai Baturiyar ta ba ta shawarar ta koma ta nemi ta ƙasarsu. Mai karatu ya lura da wannan, baƙuwa ce ta tuna mata cewa kayan aro ba ya rufe katara.

A 1933 ta ga ana yin Sadir a wani taron masana kiɗa a birnin Madras, wanda yau ake kira Chennai, abin ya shiga ranta. Tana dab da shekara 30, shekarun da wasu ke ajiye rawa, ta je ta durƙusa gaban waɗanda jama'a ke ƙyama: wata tsohuwar Devadasi mai suna Gowri Ammal ta unguwar Mylapore, da wani dattijon malamin rawa, Meenakshisundaram Pillai. A watan Disamba 1935 ta fito gaban jama'a a unguwar Adyar ta yi rawar, duk da manyan gari da dama sun yi tir da abin tun kafin ranar. Ba da jimawa ba bayan nan, a Janairu 1936, ta kafa makarantar da ake kira Kalakshetra, wadda ake ba da labarin cewa a gindin bishiya aka fara ta da ɗaliba guda.

Abin da ta yi a makarantar nan shi ne zuciyar maganata. Da farko ta nemo tsofaffin malaman rawa da na kiɗa ta zaunar da su, tana biyan su, domin abin da ke cikin kansu ya shiga kan yara. Sannan ta tsara karatun daki-daki, abin da za a koya a shekarar farko daban, na shekara ta biyu daban, a ƙarshe a ba da takardar shaida. Ta gyara yadda ake fitowa fili: a da makaɗa a tsaye suke suna bin bayan mai rawa, ita kuwa ta zaunar da su a gefe guda, ta tsara suturar da ta rufe jiki, ta kuma cire waƙoƙin da take ganin sun yi batsa. Ta shirya wasanni masu labari fiye da 20 da ake yi da rawa, ciki har da guda shida kan tsohon labarinsu na Ramayana, waɗanda ta yi aikinsu daga 1955 zuwa 1970. Daɗin daɗawa, kuma nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe kunne, a 1937 ta buɗe masaƙa a cikin makarantar, ta sa aka nemo tsofaffin zannuwan da aka daina saƙa irinsu, masaƙa suka dawo da zanensu da launinsu.

Yau idan ka je Chennai za ka tarar da teloli da ba su da wani aiki sai ɗinkin kayan wannan rawa, da maƙeran da ke yin sarƙoƙi da 'yan kunnenta, da masu ɗinka ƙararrawar ƙafa a jikin fata, da masu sayar da furen da ake sa wa a gashi. Duk watan Disamba garin na cika da baƙi saboda makonnin kiɗa da rawa da ake yi, masu masauki da masu abinci su kwashi nasu. Malaman da suka fito daga irin waɗannan makarantu suna koyarwa a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu ana biyan su. Ita kanta Rukmini a 1952 ta zama mace ta farko da aka naɗa a majalisar dattawan Indiya, inda ta tsaya har aka yi dokar hana zaluntar dabbobi ta 1960. A 1977 firaminista Morarji Desai ya yi mata tayin a tsayar da ita shugabar ƙasa, ta ce a'a, makarantarta ta fi mata. Ta rasu ranar 24 ga Fabrairu 1986, kuma a 1993 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman da ta ɗauki makarantar a matsayin cibiya mai muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya.

To amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma aikin Rukmini yana da tabonsa wanda Indiyawa da kansu suke faɗa. Da rawar ta yi daraja, sai 'ya'yan manya suka cika fili, su kuwa matan da suka gaje ta kaka da kakanni aka tura su gefe, da yawa suka ƙare cikin talauci ba wanda ya san sunansu. Wadda ta fi kowa tsayawa a kan wannan ita ce Balasaraswati, wadda aka haifa a 1918 ta rasu a 1984, 'yar gado ce da aka yaye tun tana shekara bakwai, kuma ba ta taɓa yarda da cewa abin da iyayenta mata suka riƙe ƙazanta ce da sai wani ya zo ya wanke ba. Ita ma duniya ta san ta, ta yi wasa a Turai da Amurka da Japan, sai dai irinta kaɗan ne suka tsira. Haka kuma makaranta ba ta zama garkuwa daga kowane sharri ba, domin a 2023 ɗaliban Kalakshetra sun yi zanga-zanga kan zargin cin zarafi, har 'yan sanda suka kama wani malami. Duk wanda zai ɗauki darasin Rukmini sai ya haɗa da waɗannan biyun, ya san ramin da zai kauce wa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma Allah Ya ba mu gwanaye. Wace mace ce a ƙasar Hausa, ko a wannan gefen iyaka ko a wancan, ba ta san Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa ba? An haife ta a ƙauyen Gwaigwayi, ta yi fiye da shekara 30 tana kiɗan amada da ƙore a gaban mata, tana taka rawa tana waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman aure, tana kuma yi wa mata faɗa su tashi su kama sana'a su daina zaman jiran miji. Kafin ita an yi Uwaliya Mai Amada a Kano. Malaman jami'a irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan Barmani, amma da ta rasu a watan Maris 2013, kaset ta bari, alhali ita Rukmini makaranta ta bari. Idan kuwa haka ta faru da wadda ta yi suna har gidajen rediyo, ina ga zabiyar ƙauye a ƙasar Gangara, wadda ba a taɓa ɗaukar muryarta ba, wadda ta haddace kirarin kowane gida da waƙar kamun amarya da ta wankan ango da ta rakiya, ga shi kuma 'yarta na jin kunyar a ce ita ce magajiyarta?

Kuma ba zabiya kaɗai abin ya shafa ba. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahala, mun gode Allah, amma ya tafi da waƙoƙin niƙa, na daka ma suna bin bayansu. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa a farin wata ya koma wurin zaman kallon waya. Shantu kuwa akwai 'yan matan da ko ganin sa ba su taɓa yi ba. Roba da kwanon ƙarfe sun kori ƙwarya daga ɗaki, sai ya zamana manomin duma da mai fafe ƙwarya da gyartai duk kasuwarsu ta ja baya. Yadda irin wannan abu ke ɓacewa ba a jin ƙararsa, mun gan shi a ƙasar nan tamu. Biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta na tafkin Cadi, saura mutum guda ya rage da ya iya shi, wato Bukar Tar, sai da marigayi Malam Maman Barka ya tashi takanas a 2002 ya je ya zauna a gabansa ya koya, sannan ya kai biram har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da sai dai a ga biram a rataye a gidan tarihi.

Wani zai ce ai Indiya daban, Nijar daban, su suna da kuɗi da yawan jama'a. To ga misali a ƙofar gidanmu. Kokowa wasan kaka ne na samarin ƙauye, ba ta fi gaɗa ko kiɗan ƙwarya asali ba. A 1975 aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, ɗan jihar Maraɗi, Kantu, ya ɗauki takobi, ga shi yau filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Abin da aka yi wa kokowa shi ne aka ba ta doka da alƙalai da fili da lokaci sananne, aka sa kyauta mai tsoka. Yau gasar na zagaya jihohi takwas, ƙasa na tsayawa cak a saurari rediyo, ɗan kokowa na samun miliyoyin sefa, kuma duk garin da aka kai gasar, mai tuwo da mai shayi da mai kabu-kabu sun san an yi baƙi. Haka a zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun riƙa gasar waƙa da rawa tsakanin jihohi, kuma waɗanda suka ga lokacin suna nan da ransu. Ashe ke nan mun san yadda ake yi, wasan maza aka riƙe, na mata aka saki.

Na san babbar tambayar da ke ran mai karatu ita ce ta addini, kuma ba zan kewaye ta ba. Rawar su Rukmini tana ɗaure da bautar gumakansu, mu ba abin da ya haɗa mu da wannan, ba kuma rawar tasu nake cewa a kawo Gangara ba. A namu ɓangaren ma gaskiya ne cewa akwai kiɗan da ke haɗe da bori, akwai kuma waƙoƙin amada masu batsa da habaici mai raba zumunta, waɗannan ba na kare su. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kowa ya bi malaminsa. Sai dai hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa ranar Idi wasu 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyadina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Sannan idan muka duba abin da malamanmu suka fi kuka da shi a bukukuwan yau, wato cakuɗar maza da mata, da kai wa tsakar dare a titi, da shigar da ba ta dace ba, sai mu tambayi kanmu, a ina aka fi samun waɗannan, a gaban lasifikar ƙofar gida ko a tsakar gida inda mata zalla suka kewaye ƙwarya da rana tsaka? Mun kori wadda muke iya yi wa gyara da baki, mun kawo na'urar da ba ta jin kunyar kowa.

Wani kuma zai ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta rawa? Wannan magana tana da nauyi. Tun 2019 ƙasar Gidan Runji ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, rufe iyakar da aka yi a 2019 da wanda ya biyo baya a 2023 kuma duk ɗan kasuwa ya ji su a jikinsa. Amma duk da haka an fasa biki? Ba a fasa ba. Ana yin anko, ana hayar kujeru da rumfa, ana sayen man janareto, ana biyan mai lasifika. Kuɗin dai ana kashe su, abin dubawa shi ne inda suke zuwa. Jakar da aka ba zabiya a garin take kwana, gobe za ta dawo teburinki ta sayi gishiri da sabulu, masu amshinta su sayi ƙore wajen maƙwabcinki, alhali kuɗin mai da na kayan na'ura wani kasonsu ƙetare iyaka yake yi. Ban ce a hana yaron lasifika cin abinci ba, cewa na yi a raba, kowa ya samu.

Dalilin da ya sa na ɗora wannan kaya a kan matan kasuwa shi ne na san abin da suka taɓa yi. A jihar Maraɗi ne, a 1991, aka fara tsarin asusun Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE, mata na zuba 'yan daloli duk mako suna ranta wa juna, tsarin da yau ake kwaikwayo a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matan da suka koya wa duniya wannan ba za su kasa riƙe tsohuwa guda mai waƙa ba. Shawarata ta farko ita ce, duk wadda za ta aurar da 'ya ko ɗa ta ware yini guda na mata zalla a cikin gida, ta kira masu ƙwarya, a kuma yanka musu lada tun kafin ranar kamar yadda ake yi da tela, kada a bar su da abin da aka liƙa kawai, domin wanda aka yi ciniki da shi ma'aikaci ne, wanda aka bari da liƙi kuwa kallon maroƙi ake yi masa. Uwar biki kuma tana da ikon ta ce ga irin waƙar da ba ta so a gidanta.

Ta biyu, kowace ƙungiyar asusu ko adashi ta nemi dattijuwa guda da ta iya, ranar zubi idan an gama lissafi a ba ta awa guda ta koya wa 'yan mata, da izinin iyayensu, da rana, a gidan da aka sani, iyaye mata na zaune suna gani. A fitar mata da wani abu daga asusu duk wata, kuma a bi abin daki-daki kamar yadda Rukmini ta yi, a fara da riƙon kiɗa, a je amshi, sannan waƙoƙin kowane mataki na biki. Ta uku, wayar nan da ke hannun 'ya'yanmu a sa ta aiki, a ɗauki muryoyin tsofaffin nan da yardarsu, a faɗi sunan kowace da garinsu a farkon ɗauka, a kai wa gidajen rediyon karkara da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai domin a adana. Ta huɗu kuma ta Alhazai ce da hukumomi da sarakunanmu: idan kaka ta yi ana shirya kokowar ƙauyuka, a ware wa mata nasu wuri da nasu yini, ƙauye da ƙauye su kara a gaɗa da kiɗan ƙwarya, dattijai mata su yi alƙalanci, 'yan kasuwa su sa kyauta, ko turmin atamfa ne ko buhun shinkafa ko jar akuya. Wanda ya sa kyautar ba asara ya yi ba, ranar shi zai fi kowa ciniki.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan wuya, domin ba a sayen sa da kuɗi, shi ne mutunci. Rawar Indiya ba ta miƙe ba sai ranar da 'yar babban gida ta cire girman kai ta zauna gaban wadda ake rainawa ta kira ta malama. Muddin Hajiya za ta yi rawa a gaban zabiya ranar biki, ta yi mata liƙi, amma gobe ta ce ɗanta ba zai auri 'yar maroƙa ba, to babu yarinyar da za ta yarda ta gaji wannan sana'a. Idan kuma Allah Ya sa abin ya yi daraja wata rana, har aka fara kiran 'yan wasa zuwa Maraɗi da Yamai, to kada a kwashi 'ya'yan masu hali a bar masu gado a baya kamar yadda aka yi wa su Balasaraswati, a sa masu abin a gaba, da sunansu da ladansu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan ba jiran mu za su yi ba, kowace kaka sai an wayi gari babu wata. Wadda ke da biki a gabanta bana, ita ce za ta fara.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.